Imamu Gazali da Fitarsa Daga Bagadaza

A watan Zulƙida na shekara ta 488 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da Nuwamba 1095, malamin da ya fi kowane malami suna a ƙasar Iraƙi ya fita daga birnin Bagadaza. Ya bar kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya, wadda manyan malamai ke kwana suna begenta, ya bar ɗalibai wajen 300, ya rarraba dukiyarsa sai ɗan abin da zai riƙe iyali. Shekarunsa a sa'an nan 38 a lissafin wata. Ba a tuɓe shi ba, ba a kuwa kore shi ba. Ya bar mutane a kan cewa Makka za shi, alhali kuwa ƙasar Sham ya nufa, domin yana tsoron kada Halifa da abokansa su gane niyyarsa su tsare shi. Wannan malami shi ne Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Algazali, wanda ake yi wa laƙabi da Hujjatul Islam, Allah Ya ji ƙansa.

Maganar ta cika gari. Waɗanda ke nesa da fada suka ce tsoron masu mulki ne ya fitar da shi. Waɗanda ke kusa kuwa, da yake sun ga yadda masu mulkin ke lallashinsa ya zauna shi kuma yana kau da kai, sai suka rasa ta cewa, suka ce kambun baka ne ya kama Musulmi da malamansu. Kusan babu wanda ya kawo a ransa cewa mutum zai iya barin irin wannan matsayi saboda addini, domin a ganinsu matsayin nan shi ne ƙarshen abin da addini ke kai mutum.

An haife shi a shekara ta 450 (1058) a Ɗus, wani gari na ƙasar Hurasan, kusa da inda birnin Mashhad yake a Iran ta yau. Mahaifinsa talaka ne, an ce sana'arsa kaɗa zaren ulu, bai sami karatu ba amma yana son zama wurin malamai. Da ya ga ajali ya matso sai ya danƙa 'ya'yansa biyu, Muhammadu da ƙanensa Ahmadu, a hannun wani abokinsa sufi, tare da ɗan abin da ya tara, ya roƙe shi ya sa su karatu ko da dukiyar za ta ƙare ƙaf. Ta kuwa ƙare. Sufin nan shi ma ba shi da ko anini, saboda haka ya ba yaran shawara su shiga irin makarantar da ake ciyar da ɗalibai daga dukiyar waƙafi. Neman abinci ne ya kai Gazali ƙofar ilmi, kuma bai ɓoye wannan ba bayan ya girma. Yakan nuna cewa sun nemi ilmi don wata bukata dabam, amma ilmin ya ƙi yarda ya zama don kowa sai don Allah.

Bayan ya fara fiƙihu a garinsu sai ya tafi Jurjan neman ƙari. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa a hanyarsa ta komowa 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe kome har da gafakar da ya zuba takardun da ya rubuta a gaban malaminsa. Ya bi su a baya yana roƙo su bar masa takardun nan kaɗai, don ba za su amfane su da kome ba, shi kuwa saboda su ya bar gida. Shugaban 'yan fashin ya yi dariya, ya tambaye shi wane irin ilmi ne wannan da za a fizge a jaka mai shi ya koma jahili, sa'an nan ya sa aka jefa masa abinsa. Gazali bai ɗauki wannan a kan ba'a ba. Ya ɗauka Allah ne Ya sa maganar a bakin ɗan fashi don ya ji. Da ya isa Ɗus ya shekara uku yana haddace abin da ke cikin takardun. Tambayar ɗan fashin nan, watau me zai rage wa mutum in an ƙwace abin da yake tinƙaho da shi, ba ta rabu da shi ba, ta sake tare shi bayan shekaru masu yawa lokacin da abin tinƙahon ya fi gafaka girma nesa.

Daga nan ya tafi Naisaburi wurin Imamul Haramaini Aljuwaini, babban malamin Shafi'iyya na wannan zamani, ya lizimce shi har malamin ya rasu a 478 (1085). Sa'an nan ya nufi sansanin Nizamul Mulki, wazirin Sarkin Saljuƙawa Malik Shah, inda malamai ke taruwa ana muƙabala a gaban waziri. A irin wannan fage Gazali ba shi da na biyu. Yana da kaifin harshe da saurin kama lagon abokin jayayya, kuma waɗanda suka san shi a lokacin sun shaida yana da jin kai da raina na ƙasa da shi. A 484 (1091) waziri ya naɗa shi malamin Nizamiyya ta Bagadaza.

Shekara huɗu da ya yi a kan kujerar nan shekaru ne na hargitsi. A 485 (1092) aka kashe Nizamul Mulki, kisan da aka jingina wa 'yan Baɗiniyya, bayan 'yan makonni Malik Shah ya bi shi, gidan sarauta ya kama yaƙin gado. A 487 (1094) Halifa Almuƙtadi ya rasu, Almustazhir ya hau, shi ne kuma ya sa Gazali ya rubuta littafin raddi ga Baɗiniyya. A cikin waɗannan shekaru ne dai ya zauna ya karanci falsafa shi kaɗai ba malami, a ɗan lokacin da ya rage masa bayan darasi, har ya fitar da Tahafutul Falasifa, inda ya bi masana falsafa a kan mas'aloli 20, ya kafirta su a kan uku daga ciki. Duk wanda ya dube shi a sa'an nan zai ce ga mutumin da ya gama samun abin da ake nema.

Abin da ke cikin zuciyarsa kuwa dabam ne, kuma da bai rubuta shi da kansa a littafinsa Almunƙizu minad Dalal ba da babu mai saninsa. Tun yana saurayi ya lura cewa yaro kan tashi ne a kan addinin iyayensa, ko wane iri ne, sai ya shiga neman sanin da ba ya karɓar shakka. Neman nan ya taɓa jefa shi cikin wani hali na wajen wata biyu, inda ya daina amincewa da abin da ido ke gani da abin da hankali ke yankewa, kuma ya shaida ba hujja ce ta fitar da shi ba, wani haske ne Allah Ya jefa a ƙirjinsa. Da ya warke sai ya kasa masu neman gaskiya kashi huɗu, malaman ilmin kalam, da Baɗiniyya, da masana falsafa, da sufaye, ya bi kowane kashi har inda ya tsaya. Uku na farko ya iya gamawa da su ta hanyar karatu. Da ya zo kan sufaye ya karanta littattafansu, irin su Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib Almakki da na Almuhasibi, sai ya tarar abin da ya rage ba a samunsa a takarda. Sanin ma'anar lafiya dabam, zama mai lafiya dabam, kuma likita na iya sanin dukan magunguna alhali shi kansa yana kwance.

A nan ne ya juyo ya binciki kansa. Ya duba ayyukansa, ya ga mafi kyawunsu shi ne koyarwa, ya duba abin da yake koyarwa ya ga yawancinsa ba zai amfane shi a Lahira ba, ya duba niyyarsa ya ga neman girma ne da yaɗuwar suna. Daga watan Rajab na 488 ya shiga kai da komo na kusan wata shida. Yau ya ɗaura niyyar tafiya, gobe ta warware. Zuciya tana raya masa cewa wannan hali ne mai wucewa, in ya saki kujerar nan wata rana zai so ta kuma ba zai same ta ba. Ana cikin haka al'amarin ya fita daga hannunsa. Harshensa ya ɗaure, ya zauna gaban ɗalibai ya kasa furta kalma ɗaya ta darasi, abinci ya daina wucewa, jiki ya rame. Likitoci suka duba suka ce ciwon daga zuciya ya taso, babu maganin da zai yi sai abin da ke damunta ya kau. Malamin da harshe ya kai shi inda ya kai, ta harshen aka kama shi. Sai da dabara ta ƙare masa ya koma ga Allah da roƙo irin na wanda ba shi da sauran mafita, daga nan rabuwa da matsayi da dukiya ta yi masa sauƙi. Ƙanensa Ahmadu ya riƙe masa darasi, shi kuwa ya kama hanya.

Waɗansu masu tarihi na baya-bayan nan sun ce tsoron wuƙar Baɗiniyya, ko rikicin 'ya'yan sarki, yana da hannu a fitarsa. Ba abin mamaki ba ne in mutumin da ya ga an kashe ubangidansa ya ji tsoro. Amma mai gudun wuƙa in ya tsira yakan nemi wata fada ya raɓa, Gazali kuwa abin da ya yi bayan fitarsa ya nuna fadar kanta yake gudu.

Ya sauka Dimashƙa. Yakan shiga babban masallacin Banu Umayya ya hau hasumiya ya rufe ƙofa, ya yini a can shi kaɗai yana zikiri da yaƙi da halayensa. An ruwaito cewa wata rana ya shiga wata makaranta a birnin ya ji malami yana kafa hujja da maganar Gazali, bai san mai maganar na tsaye kusa da shi ba. Ya ji daɗin abin ya fara shigarsa, sai ya bar garin. Ko da ruwayar ba ta tabbata kamar yadda aka faɗe ta ba, ta dace da ciwon da ya fito yi wa magani, domin suna ba ya tsayawa a garin da aka bar shi, yakan riga mai shi isa zango.

Daga Dimashƙa ya wuce Baitul Muƙaddas, inda yakan shiga Ƙubbatus Sahra kullum ya kulle kansa. A can ya rubuta wa mutanen birnin wata 'yar risala ta aƙida wadda daga baya ya sa ta cikin Ihya. Sa'an nan ya tafi Halil, ya tsaya a kabarin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ɗauki alkawari uku da ya riƙa ambata a wasiƙunsa har ƙarshen ransa: ba zai ƙara zuwa fadar wani sarki ba, ba zai karɓi dukiyar sarki ba, ba zai sake shiga muƙabala ba. Mai karatu zai lura cewa ukun nan su ne matakalar da ya taka ya hau. A ƙarshen 489 (1096) ya yi aikin Hajji, ya ziyarci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina. Bayan barinsa Baitul Muƙaddas da 'yan shekaru, a 492 (1099), mayaƙan Salibiyya daga Turai suka ci birnin suka yi kisa mai yawa, kuma har yau akwai masu yi masa ƙorafin cewa wannan musiba ba ta sami wuri a rubuce-rubucensa ba. Ƙorafin yana da nauyi.

Kukan 'ya'yansa da bukatun iyali suka jawo shi gida. A 490 (1097) ya bi ta Bagadaza, ya sauka a wata zawiyya maimakon gidajen manya, a nan ne wani saurayi daga Andalus, wanda daga baya ya zama Alƙali Abubakar ɗan Arabi, malamin Malikiyya mai Ahkamul Ƙur'an, ya same shi ya yi karatu wurinsa. Daga nan ya wuce Ɗus. Tafiyar ƙafa duka wajen shekara biyu ta ɗauka. Janyewarsa daga koyarwar hukuma kuwa ta kai shekara 11, yawancinta a garinsu ya yi ta, a cikin iyali da ɗawainiyar ciyar da su, yana samun halwa jefi-jefi, in ta yanke ya sake komawa.

A cikin wannan tsakani ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, kashi huɗu, kowane kashi littafi goma. Ɗaya daga cikin littattafan nan 40 a kan ladubban tafiya ne, kuma mai karanta shi zai ji maganar wanda ya taka hanyar da ƙafarsa. Ya raba tafiya biyu, ta jiki a bayan ƙasa da ta zuciya zuwa ga Allah, ya fifita ta biyun, ya kuma nuna masu yin ta kaɗan ne saboda hanyarta ba a san ta ba sosai. Ta jikin kuwa ko dai gudu ce daga wani abu ko neman wani abu, kuma a cikin abubuwan da ya halatta a gudu ya lissafa matsayi da muƙami da yawan hulɗa in sun dagula wa mutum addininsa. Ya tsaya a kan kalmar safar ta Larabci, wadda Hausa ta ara ta ce safara, ya nuna asalinta yaye lulluɓi ne. Bayaninsa shi ne, mutum a gidansa yana cikin abin da ya saba, gadonsa da abincinsa da masu girmama shi, saboda haka munanan halayensa suna kwance ba abin da ya tashe su, har ya zaci ba shi da su. In wahalar hanya da baƙunci suka taɓa shi sai su fito fili ya gan su, sa'an nan ya iya yi musu magani. Ya kawo labarin Sayyidina Umaru, Allah Ya yarda da shi, wanda bai karɓi yabon da wani ya yi wa mai shaida ba sai da ya tambaye shi ko ya taɓa tafiya tare da shi.

Amma bai yabi tafiya don kanta ba. Ya yi gargaɗi cewa tana watsa zuciya, matafiyi kullum hankalinsa na kan kayansa da masaukinsa da tsoron hanya, wanda kuwa ke samun abin da yake nema a gida zamansa ya fi. Ya yi kakkausar suka ga waɗansu masu sa rigar sufaye na zamaninsa da suka mai da yawon garuruwa sana'a, suna bin zawiyyoyi don abincin banza da gudun aiki. Sa'an nan ya sauko kan abubuwan da ake farawa da su kafin a ɗaura kaya: a biya bashi, a mai da haƙƙin wanda aka zalunta, a bar wa iyali abin ci, a nemi abokin tafiya, in an kai uku a naɗa shugaba, kada a ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta. Ya bi da hukuncin ƙasaru da taimama da gane alƙibla a daji. Wannan haɗi na sirrin zuciya da haƙƙin raƙumi a babi ɗaya shi ne halin Ihya daga farko har ƙarshe.

A Zulƙida ta 499 (1106) Fahrul Mulki, ɗan Nizamul Mulki kuma wazirin Sanjar mai mulkin Hurasan, ya matsa masa ya koma koyarwa a Nizamiyya ta Naisaburi. Gazali ya yi shawara da mutanen kirki, ya duba yadda imanin jama'a ya yi rauni, ga kuma ƙarni na shida na shirin kamawa, lokacin da ake sa ran mai jaddada addini, sai ya yarda. Nan ne wurin da za a auna tafiyar tasa duka, domin ya koma kan irin kujerar da ya gudu. Shi ya ce a zahiri komawa ce amma a haƙiƙa ba ita ba ce, da can yana yaɗa ilmin da ake samun girma da shi, yanzu yana kira zuwa ilmin da ake barin girma da shi. Mutum na iya faɗin haka game da kansa ko da ba gaskiya ba ne. Shaidar da ta fi ƙarfi ta fito daga Abdulgafir Alfarisi, wanda ya san shi tun suna gaban Aljuwaini, ya kuma san zafin kansa da wulaƙanta mutane da yake yi. Abdulgafir ya ziyarce shi sau da yawa yana zaton sauƙin halin nan rigar aro ce, sai da ya daɗe yana lura sa'an nan ya tabbata mutumin ya sauya da gaske.

Komawar ba ta zo da hutu ba. An kashe Fahrul Mulki a farkon 500, abokan hamayya suka tono waɗansu maganganu da Gazali ya rubuta yana saurayi game da Imamu Abu Hanifa suka kai ƙara wurin Sanjar. Ya rubuta yana neman a ɗauke masa zuwa saboda alkawarin Halil, ba a ɗauke masa ba, ya je ya wanke kansa ya nemi a bar shi ya koma gida. Can yamma kuma, a 503 (1109), aka ƙona Ihya a Ƙurɗuba da umurnin Sarkin Murabiɗai Aliyu ɗan Yusufu. Wutar ba ta hana littafin tafiya ba. Malaman hadisi sun soke shi da yawan hadisai masu rauni, sukar kuwa tana da tushe, har sai da Hafizul Iraƙi ya bi hadisan ɗaya bayan ɗaya ya bayyana matsayinsu. Murtala Azzabidi ya yi masa sharhi babba a Alƙahira, kuma wurin Azzabidin nan ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓi ijaza.

Ya koma Ɗus, inda yake da makaranta ta ɗalibai da zawiyya ta sufaye kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin karatun Alƙur'ani da darasi da ibada. A 504 (1110), bayan rasuwar malamin Nizamiyya ta Bagadaza, aka aiko masa ya zo ya karɓi tsohuwar kujerarsa. Ya ba da hanzari da ɗalibansa da iyalinsa da alkawarin da ya ɗauka, bai je ba. A kwanakinsa na ƙarshe ya koma ɗalibi, yana sauraron Buhari da Muslim wurin malaman hadisi, fannin da shi kansa ya san guzurinsa a ciki kaɗan ne.

Ƙanensa Ahmadu ya ba da labarin cewa ran Litinin 14 ga Jimada Sani 505, watau Disamba 1111, ya yi alwala ya yi sallar Asuba, ya sa aka kawo masa likkafaninsa, ya sumbace shi ya ɗora a idanunsa, ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla, ya cika kafin gari ya waye sosai. Yana da shekara 55. 'Ya'ya mata kaɗai ya bari. An binne shi a Ɗabaran, cikin ƙasar Ɗus, inda aka haife shi.